Yadda Gwanayen Sofbol Ke Kaɗa Sanda

Wasan da zan yi bayani a kansa na Amurkawa ne, sunansa sofbol. An fara shi a birnin Shikago cikin 1887, yanzu kuwa mata ne suka fi yin suna a cikinsa. A hutun da ya wuce na gan shi a bidiyo a gidan yayana, har gardama ta sarƙe tsakaninmu. Shi ya ce lalle hanya ɗaya ce daidai ta kaɗa sanda, kowace gwana ita take bi. Ni kuwa na ce idona bai ga haka ba. Saboda haka muka yi ta maimaita hotunan a hankali, ga abin da na koya.

Da farko sai mu san yadda wasan yake. Mai jifa takan tsaya ƙafa 43 daga mai bugu, ta juya hannunta kamar majajjawa, ta saki ƙwallo daga ƙasa, daidai kwatangwalo. Kewayen ƙwallon inci 12 ne, tana kuwa da tauri ƙwarai. Mai bugu ta doke ta da sanda, ta sheƙa ta bi zango huɗu da aka jera a filin, tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 60. In ƙwallo ta ƙetare shingen fili, sai ta zagaye su duka ba mai tare ta. Jifan gwanaye yakan kai gudun mil 65 cikin awa ɗaya, watau ƙwallo na isowa kafin rabin sakan ya cika. Cikin wannan ɗan lokaci ne mai bugu za ta gane inda ƙwallo ta nufa, ta kuma kai sanda wurin.

Shekaru da yawa masu koyar da wasan suna ce wa yara su saro ƙwallon daga sama, kamar mai faskare da gatari. Dalilinsu shi ne, tun da jifan daga ƙasa yake fitowa, akwai kuma wani irin jifa da ake murza ƙwallo ta riƙa juyawa baya, ta iso sama da inda ido ya zata, to wadda ta kaɗa sanda daga ƙasa za ta bugi iska. Yayana wannan magana ya riƙe. Amma tun da daɗewa wani gwanin besbol, watau ɗan'uwan wannan wasa, mai suna Ted Williams, ya rubuta littafi ya ce sanda ta ɗan hau sama kaɗan, domin ƙwallo saukowa take yi sa'ad da ta iso. A sofbol ma yawancin jifa haka yake, nauyin ƙwallo yakan rinjaye ta kafin ta ƙaraso.

Mu duba Jocelyn Alo, 'yar tsibirin Hawai, wadda ta yi wa Jami'ar Oklahoma wasa daga 2018 zuwa 2022. Sau 122 ta buga ƙwallo ta ƙetare shinge, ta wuce Lauren Chamberlain mai 95, wadda take kan gaba a wasannin manyan jami'o'in Amurka kafin ta. Da muka rage gudun hoton, sai na ga ashe hannuwanta su ne na ƙarshen motsi. Takan tara nauyinta a baya, ta dasa ƙafar gaba, kwatangwalo ya fara juyawa, ƙirji ya biyo, sa'an nan hannu ya jawo sanda. Kan sandar yakan faɗa bayanta tukuna, ya shiga layin ƙwallo, ya bi shi yana ɗan hawa. Ban yi mamaki ba da na ji ta yi kokawa a makarantar sakandare har ta zama zakarar jiharsu, domin duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san ƙarfin kayarwa daga ƙugu yake fitowa. Crystl Bustos ma irin wannan bugun ƙarfi ne ya yi mata suna. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 2008 a Bejin, Jafan ta ci Amurka 3 da 1, wannan ɗayan kuwa Bustos ce ta samo shi, ta ƙetarar da jifan Yukiko Ueno bayan shinge.

To, amma ga Natasha Watley, wadda suke ƙungiya ɗaya da Bustos, suka ci zinariya tare a Atens cikin 2004. In ka ga bugun da ya fi yi mata suna, sai ka ce wani wasa dabam take yi. Takan tsaya ta ɓangaren hagu, wanda ya fi kusa da zangon farko. Tun ƙwallo na hannun mai jifa ta fara takawa, ta haɗe ƙafa ɗaya bisa ɗaya, ta mari ƙwallon tana cikin tafiya. Wani lokaci takan doka ta ƙasa da gangan don ta yi tsalle sama, kafin ta sauko hannun masu tsaro ita ta yi nisa. Wani lokaci kuma ta ɗan taɓa ta kawai, ta gangara gefen da jifa zuwa zangon farko ya fi tsawo. Masu irin wannan bugu sukan cinye ƙafa 60 ɗin nan cikin ƙasa da sakan uku. Ashe saran nan da ake koya wa yara yana da wurinsa, amma wurin mai gudu ne, wadda bukatarta ta isa zango kawai. Da za a tilasta wa Alo ta riƙa sara haka, an zubar da ƙarfinta a ƙasa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai masu tura nauyin jiki gaba su bi ƙwallo, bugunsu ya fita a miƙe ta tsakanin masu tsaro. Wannan koyarwa ana danganta ta da wani malamin besbol, Charley Lau. Wasu kuma sukan ɗaga ƙafa sosai kafin su taka, wasu ko motsa ta ba su cika yi ba. Wata ta saki hannu ɗaya bayan bugu, wata ta riƙe da biyu har ƙarshe. Waɗannan duka ban ga sun hana kowa gwaninta ba.

Inda na ga masu bugun tsaye sun yi kama da juna shi ne daidai lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo. Kai ba ya rawa, ƙafar gaba ta ƙage, tafin hannu ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Sa'an nan sanda takan daɗe a kan layin ƙwallo. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wuya in fahimta, sai da na gwada da kaina. Na ɗaura igiya daga reshen dalbejiya zuwa wani turke, ta ɗan gangaro kaɗan, na ce ita ce hanyar ƙwallo. Da na sara da sanda daga sama, wuri ɗaya tak sanda ta ratsa igiyar. Ke nan in mai bugu ta yi gaggawa ko ta makara da ɗan ƙiftawar ido, ta rasa. Da na juya ƙugu na bar sanda ta bi gangaren igiyar, sai ta yi tafiya tare da ita fiye da kamu ɗaya, ko'ina a cikin wannan tazara kuwa ƙwallo za ta iya samun sanda. Kowa na iya gwada wannan a gida, amma a kori ƙanne daga wurin tukuna.

Na kira yayana ya gwada. Ya sara sau uku, ya bi igiya sau uku, ya yi shiru. Daga nan ya ce to ai Watley sara take yi, kuma zinariya ta ci. Na ce haka ne, amma ya fara nuna mini zai iya cinye ƙafa 60 cikin sakan uku. Muka auna tazarar a ƙofar gida, na riƙe agogo, ya yi sakan huɗu da ɗoriya.