Tabar Wiwi da Mace Mai Ciki

Uwargida, in kina da ciki, ki sani duk abin da ya shiga jikinki, yaron da kike ɗauke da shi yana da rabo a ciki. Ta mabiyiya da cibiya yake samun abinci da iska. Tabar wiwi tana da wani sinadari da likitoci ke kira THC, shi ne mai sa maye. Ko busa ta aka yi, ko dafa ganyen aka yi aka sha, sinadarin nan yakan bi jini, ya ratsa mabiyiya, ya isa ga yaro. Ba ya kuwa fita da wuri, gama yakan kwanta cikin kitsen jiki. Hayaƙin ma da tasa ɓarnar, don yana rage iskar da jini ke kai wa yaro.

To, me ke biyo baya? Sau da yawa yaro yakan zo ƙarami, ko ya zo lokaci bai yi ba. Cikakken ciki mako 40 ne. Wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne, wanda bai kai kilo 2 da rabi ba kuwa nauyinsa ya gaza. A 2019 likitoci a lardin Ontariyo ta ƙasar Kanada suka ba da sakamakon binciken haihuwar mata fiye da 600,000. Da suka gwada mata masu hali iri ɗaya, sai suka ga cikin 100 masu shan wiwi wajen 10 sun haifi bakwaini, marasa sha kuwa wajen 7.

Kada ki ce ai ƙaramin yaro ya fi sauƙin haihuwa. Irin wannan jariri ba ya riƙe ɗumin jiki, tsotsonsa ba ƙarfi, numfashi yakan ba shi wuya, ciwo kaɗan ya kayar da shi. A birni a sa shi a kwalba. A ƙauye fa, inda asibiti ke da nisa, ga damina ta yanke hanya?

Waɗansu kan ce wiwi maganin laulayi ce. Kada ki yarda. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ki sha ruwa da yawa, ki gwada citta. In amai ya ƙi tsayawa, sai asibiti.

Maigida, maganar ta shafe ka. In ka busa a ɗaki, matarka na shaƙa. Kada ka yi kusa da ita, kada kuma a bar abokai su yi a zauren da hayaƙi ke shiga cikin gida.

Bayan haihuwa ma sinadarin yana bin nono. An same shi a nonon uwa har kwana 6 bayan ta sha.

In kina sha, ki bari yau, ko ciki ya tsufa, barin yana da amfani. Ran awo ki gaya wa malamar asibiti gaskiya, don ta riƙa duba girman yaron, ta kuma shirya miki haihuwa a asibiti.