Rigar Kare Mai Gajeren Hanci

A ƙasar Hausa ba a saba ganin kare da riga ba. Karen farauta da karen da ke gadin gida duk gashin jikinsu ya ishe su. Amma a Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashen Turai mutane da yawa suna ɗinka wa karnukansu tufafi. Wani lokaci don sanyin hunturu ne, wani lokaci kuwa don ado kawai, musamman a bikin da suke kira Halowin, wanda ake yi ran 31 ga Oktoba kowace shekara. Ran nan akan ga kare an yi masa shigar zaki, ko ta ɗan sanda, ko ta kabewa, mutane suna dariya.

Ba kowane kare ne ke jure wannan ado ba. Akwai waɗansu irin karnuka masu gajeren hanci, fuskarsu a shafe kamar an danna ta. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Turawa ke kira Pug. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, 'yan kasuwa suka kai shi Holan a ƙarni na 16, daga baya Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi kiwon irinsa da yawa. Akwai kuma Buldog na Ingila, wanda a dā ake sa shi faɗa da bijimi, har aka hana wannan mugun wasa a shekarar 1835. Akwai ɗan'uwansa ƙarami, Buldog na Faransa, wanda a shekarar 2022 ya zama irin da aka fi yi wa rajista a Amurka. Waɗannan karnuka ba haka Allah ya fara halittar kakanninsu ba. Mutane ne suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗa su, shekara da shekaru, har fuskar ta zama haka.

Kafin a san rigar da ta dace da irin wannan kare, sai a fara sanin yadda kare ke sanyaya jikinsa. Mutum in ya ji zafi sai ya yi gumi, iska ta busar da gumin, jiki ya huce. Kare kuwa ba ya gumi sosai, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafarsa. Abin da yake yi shi ne haki. Yana buɗe baki, ya zaro harshe, ya riƙa jan iska da sauri. Iskar nan tana busar da danshin harshe da na cikin hanci, sai jini ya huce. Kare mai dogon hanci yana da wuri mai faɗi inda iska za ta bi. Mai gajeren hanci kuwa ƙofofin hancinsa matsattsu ne, kuma akwai wata tsoka mai laushi can cikin bakinsa da takan yi tsawo ta tare hanyar iska. Shi ya sa ake jin yana minshari, wani lokaci ko da idonsa biyu. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39. In ya haura 41, ransa yana cikin hatsari. Watau rigar da wani kare zai sa ya yi ta wasa, tana iya kashe wannan.

Saboda haka abu na farko da mai kare zai duba shi ne wuya. Kada riga ta matse maƙogwaro ko kaɗan. In an sa ta, sai a gwada zura yatsu biyu tsakanin wuyan rigar da fatar karen. In ba su shiga da sauƙi ba, rigar ta yi kaɗan. Haka nan ba a ɗaura igiyar ja a wuyansa. Ɗamarar ƙirji ta fi, domin ita nauyin ja a kan ƙirji da kafaɗu yake sauka.

Abu na biyu shi ne fuska. Ba a rufe hanci ko baki ko idanun wannan kare da kome. Idanunsa manya ne, sun ɗan fito waje, ba su da dogon hanci a gabansu da zai kāre su, don haka gefen hula ko zare yana iya ƙarje su. Hular da ake ɗaure ta da roba a ƙarƙashin haɓa ita ma ba ta da kyau, gama robar a kan maƙogwaro take zama. Kunnuwa kuma a bar su a buɗe.

Abu na uku shi ne yadi. Auduga marar nauyi ta fi kome, domin iska tana ratsa ta. Yadin roba da ulu mai kauri suna riƙe zafi. Fatar waɗannan karnuka tana da ninki-ninki a fuska da wuya, in kuwa danshi ya zauna cikin ninkin sai ƙuraje su fito. Kafin a saya ko a ɗinka, sai a auna wuya, da ƙirji inda ya fi faɗi, da tsawon baya daga wuya zuwa gindin wutsiya. Awon ƙirji shi ne babba, domin Buldog ƙirjinsa faɗi gare shi, ƙafafunsa kuwa gajeru. Rigar da ta yi tsawo za ta harɗe shi, wadda ta matse hamata za ta goge masa fata. Maɓallai da 'yan ƙararrawa da duwatsun ado duk a cire su, kada ya ciza ya haɗiye, su maƙale masa.

Ko riga ta cika waɗannan sharuɗɗa duka, ba a barin kare cikinta shi kaɗai, ba a kuwa daɗewa. A fara sa masa na ɗan lokaci a cikin inuwa, ga ruwan sha kusa. Kare ba ya magana, amma jikinsa yana faɗin abin da yake ji. In ya tsaya cik ya ƙi motsi, ko ya maƙale wutsiya, ko ya riƙa cizon rigar, to, ba ya so, sai a tuɓe masa. In kuwa hakinsa ya yi ƙarfi da ƙara, miyau yana dalala, harshensa ya fara sāke launi, ko yana tangaɗi, zafi ne ya kama shi. Nan da nan a tuɓe rigar, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a garzaya wurin likitan dabbobi. A ƙasa mai zafi kuwa, irin wannan kare ba ya bukatar riga sam.

Waɗansu ƙasashe sun ga wahalar da waɗannan dabbobi ke sha. A Holan, tun shekarar 2019, hukuma ta tsananta dokar da ta hana a riƙa haɗa karnukan da hancinsu ya cika gajarta don su hayayyafa. Mai hankali in ya ɗauki kiwon dabba, lafiyarta yake sa wa a gaba. In riga ba za ta bar kare ya yi numfashi da tafiya da kwanciya yadda ya saba ba, ɗan ƙyalle marar nauyi a kan ɗamarar ƙirjinsa ya isa ado.

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa aka fara samun karen da ake kira Pug?
2. Yaya kare ke sanyaya jikinsa in ya ji zafi?
3. Don me ba a rufe fuskar kare mai gajeren hanci?
4. Waɗanne wurare uku ake aunawa kafin a ɗinka wa kare riga?
5. Me za a yi wa karen da zafi ya kama?