Yadda ake rufe shafin da aka bari a buɗe ba tare da aiki ya salwanta ba

A cibiyoyin lafiya na gundumar Madarunfa, daga Ɗan Isa har Gabi, sau da yawa kwamfuta ɗaya ce, hannuwa da yawa. Malamar jinya na cikin shigar da bayanai sai a kawo yaro jikinsa zafi rau, ta tashi ta bar shafin a buɗe, sirrin majinyata a fili. Idan kai ne mai kula da manhajar, bi waɗannan matakai.

1. Yanke wa'adi. Ƙungiyar OWASP ta ba da shawarar minti 2 zuwa 5 ga manhaja mai bayanai masu haɗari, 15 zuwa 30 ga sauran. DHIS2, wadda Nijar ke tattara alƙaluman lafiya da ita, da awa 1 take zuwa. Rage shi inda ake karɓa-karɓa. Ƙara iyaka ta biyu: bayan awa 8 kowa ya sake shiga.

2. Ƙirga lokacin a uwar garke, domin agogon burauza kowa na iya taɓa shi. Motsin mutum kaɗai za a lissafa, ban da saƙonnin da shafi ke aikawa da kansa.

3. Yi gargaɗi kafin shafin ya rufe. Ƙa'idar WCAG ta nemi aƙalla daƙiƙa 20. Da irin rezon ƙauye, ba da minti 2, da babban maɓalli mai cewa "Ina nan".

4. Adana abin da aka rubuta kafin rufewa, da sunan mai shi. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara, wanda rahotonsa ya ɓace sau biyu zai fara neman dabarar hana shafin rufewa, kariyar kuwa ta tashi a banza.

5. Kashe zaman a uwar garke, ka goge kukis. Gwada da kanka: danna maɓallin komawa baya. In sunan majinyaci ya fito, da sauran aiki.

6. Buɗe rajista: wa ya shiga, yaushe ya fita, da kansa ne ko wa'adi ya cika. Kada lambar sirri ko lambar zaman ta shiga ciki.

Duk ƙarshen wata zauna da majo, wato shugaban cibiyar, ku duba rajistar. In rufewar ta fi yawa a tsakiyar cike fom ɗaya, raba fom ɗin gida-gida kafin ka yi tunanin ƙara wa'adi.