Kwana Biyu a Makau: Ina Zan Sauka, Me Zan Ci?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Guangzhou saro kaya. Bana abokin hulɗata ya ce mu haɗu a Makau na kwana biyu bayan baje kolin Canton. An ce mini garin caca ne. Wane irin otal ya dace in kama, kuma ina zan sami abincin da hankalina zai kwanta da shi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Kafin maganar masauki, duba fasfonka. Tun ranar 20 ga Disamban 1999 Fotugal ta mayar wa Sin da Makau, amma har yau shige da ficensa daban yake. Da zarar ka tsallaka iyakar Gongbei da ke Zhuhai, an buga maka hatimin fita ke nan, kuma idan bizarka ta shiga ɗaya ce, ba ka da hanyar komawa wurin kayanka a Guangzhou. Mai fasfon Najeriya kuma tun daga gida yake neman bizar Makau ta ofishin jakadancin Sin. Ka kammala wannan kafin ka biya ko kwabo na ɗaki.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne, a duk ƙasar Sin nan kaɗai doka ta yarda a buɗe gidajen caca. Garin ƙarami ne, murabba'in kilomita 33 ko kusa da haka, kuma ga baƙo kashi biyu ne. Akwai tsohon gari, inda dandalin Senado da sauran gine-ginen zamanin Fotugal suke, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. Akwai kuma Cotai, filin da aka cike teku aka samar tsakanin tsibiran Taipa da Coloane, inda manyan otal-otal suka yi jerin gwano. Venetian kaɗai, wanda aka buɗe a 2007, yana da ɗakuna kusan 3,000.

A nan nake so ka nutsu. Waɗannan manyan gidaje an gina su ne don kada baƙo ya ga dalilin fita: ɗakin kwana, kantuna, wuraren cin abinci, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, zauren caca kuma a tsakiya. Motar da ke ɗauko ka kyauta daga bakin iyaka, da rangwamen da za ka gani a kuɗin ɗaki, daga teburin caca ake sa ran fanshe su. Ana iya kwana a ciki ba a taka zauren ba, domin ƙofarsa daban take, da masu gadi da ke hana 'yan ƙasa da shekara 21 shiga. Amma ni a ganina, mutumin da ya zo da kuɗin saro a jikinsa, ga gajiyar kasuwa, ga dare, bai kamata ya kwana a gini ɗaya da zauren cacar ba. Akwai otal-otal marasa gidan caca a tsohon gari da Taipa. Ka tambaya kai tsaye kafin ka kama. Idan a Cotai za ku gana, ka je ku gana, ka dawo masaukinka, tafiyar 'yan mintoci ce a tasi.

Farashi yana bin rana. Daren Juma'a da Asabar sun fi tsada nesa ba kusa ba, haka makon farko na Oktoba da Sinawa ke hutu, da tsakiyar Nuwamba lokacin tseren motoci na Grand Prix. Kan kuɗin ɗaki ana ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima da kashi 5 na haraji, don haka ka nemi jimillar ƙarshe. Kuɗinsu pataca ne, amma suna karɓar dalar Hong Kong.

Abinci shi ne ya fi wuya, shi ya sa nake ba ka shawara ka fara gano inda za ka ci, sannan ka nemi ɗaki kusa da shi. Abin marmarin garin burodi ne da aka cusa wa soyayyen naman alade. Gasasshen naman da ake miƙa wa masu wucewa ɗanɗano a kan hanyar kufan cocin St Paul, mai kama da kilishi, galibi na alade ne. Wasu kayan fulawa da kitsen alade ake kwaɓa su, girkin Fotugal kuma yana yawan shan giya. Ko kifi ka zaɓa, ka tambayi da me aka dafa shi. Akwai wani girki da suke kira kazar Afirka, mai barkono da madarar kwakwa, amma sunan bai mayar da yankan na Musulmi ba.

Mafi sauƙi shi ne gidajen abincin Indiyawa da na Indonusiya masu shaidar halal, ko masu alamar qingzhen (wato halal da Sinanci) da ka saba gani a unguwar Xiaobei ta Guangzhou. Ka buga musu waya ka tabbatar suna buɗe, domin ba su da yawa. Masallacin garin yana Ramal dos Mouros, a gefen maƙabartar Musulmi, kuma jama'ar da za ka tarar a can su suka fi kowa sanin inda ake sayar da halal a yanzu. Ka tanadi dabino da kayan shayi a jaka saboda daren farko, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.