Darasi na 9: Idan aikin tallafi ya zo gari, wa ke riƙe da biro?

Ni mai turara shinkafa ce daga wani ƙauye a ƙasar Auyo.

Iyayenmu sun ce a da, ruwan Kogin Haɗeja kan cika fadama a lokacinsa, ya janye a lokacinsa, shinkafa ta yi kyau. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. Kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu gonaki suka bushe, wasu suka nutse. A can sama aka yanke shawara, mu a nan muka ji a jika.

To, haka ma ƙananan ayyuka suke. Wata shekara wasu masu aikin tallafi suka zo garinmu. Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari da hantsi, muna kan murhu. Maza suka rubuta sunaye. Aka kawo mana injin casa mai shan man dizal, alhali damuwarmu wurin shanya ce, don tsakuwa ke karya farashin shinkafarmu a kasuwar Haɗeja. Da kuɗin mai ya gagara, injin ya zama wurin kwanan kaji.

Da wasu suka sake zuwa, mun shirya. Muka ce a zauna da mu bayan la'asar. Muka buɗe littafin asusunmu, muka ce: "Dandamalin siminti muke so. Yashi da ɗebo ruwa namu ne." Suka yarda. Wanda ya zuba nasa, ai bakinsa ba ya nauyi.

Kafin ku dangwala yatsa, ku tambaya:
1. Wa ya zaɓi wannan aikin?
2. Wa zai rubuta sunaye, kuma za a karanta su a gabanmu?
3. Kyauta ce ko bashi? Idan ambaliya ta cinye gona kamar a 2022, wa zai biya?
4. Bayan sun tafi, wa zai yi gyara?

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Su suna da kuɗi da ilimin takarda, mu mun san fadama da kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin wannan mako: ku amince kan buƙatu biyu mafi girma, sakatariya ta rubuta. Ku zaɓi mata biyu da za su yi magana da yawunku.