Amsoshin Tambayoyinku: Yaya talaka zai ja ruwan famfo zuwa gidansa?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya aiko da tambaya, yana cewa: shin akwai ƙasar da ke taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi ya ja ruwan famfo da bututun ruwan datti zuwa gidansa?

To Malam, akwai. Abin da ya fi kayar da talaka shi ne kuɗin jonin farko, wato haƙa rami da sayen bututu da mita, domin a dunƙule ake biyansu. Hanyoyi biyu aka fi bi. Senegal ta ɗauki hanyar tallafi: bayan gyaran harkar ruwa na 1996, hukuma ta riƙa ɗaukar mafi yawan kuɗin jonin gidajen talakawa. Nijar ma tana da irin wannan joni mai rangwame.

Hanya ta biyu ita ce bashi marar riba. A birnin Tanja na Maroko, kamfanin Amendis ya bai wa magidanta damar biya kaɗan-kaɗan tare da kuɗin ruwan wata, cikin shekara 3 zuwa 7. Binciken da Esther Duflo da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na gidajen da aka taya cika takardu sun karɓi jonin, alhali kashi 10 kacal suka karɓa cikin waɗanda ba a taya ba.

Saboda haka Malam, ka je ofishin ruwa na garinku da takardun gida, ka tambayi tsarin rangwame ko biyan kaɗan-kaɗan. Da fatan ka gamsu.