KEWAR NA GIDA BA RAUNIN IMANI BA CE



Ana yawan turo min tambaya irin wannan: "Malam, mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, amma har yau in na ji ƙamshin irin miyarta sai hawaye. Rashin haƙuri ne?" A'a. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin kumatu da yaga tufafi da maganar fushi da ƙaddara. Kewa kuwa, Manzon Allah (SAW) ma ya yi ta.

Nana Khadija (RA) ta rasu kimanin shekara 3 kafin hijira, bayan zaman aure na kusan shekara 25. Amma a Madina ambatonta bai yanke ba, har Nana A'isha ta ce ba ta yi kishin wata mata kamar yadda ta yi kishinta ba, alhali ba ta taɓa zama da ita ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija nama. Wata rana 'yar'uwarta Hala ta nemi izinin shigowa, yana jin muryar ya tuna yadda Khadija take neman izini, zuciyarsa ta motsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na bayan Badar, shekara ta 2 bayan hijira. Zainab ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta ranar tarewa. Annabi yana ganin sarƙar tausayi ya kama shi ƙwarai, ya nemi sahabbai, in sun yarda, su saki mutumin su mayar mata da kayanta. Suka yarda.

To, ku duba abin da ke tayar da tunanin: murya a bakin ƙofa, da sarƙa. Ƙananan abubuwan gida ne fa, waɗanda muke wucewa kullum ba mu kula ba. Kai maigida, sallamarka in ka dawo daga kasuwa da zamanka a tabarma ana cin tuwo a kwano ɗaya, su yaranka za su riƙe. Ka aje wayar nan in an kawo abinci, ko da kuwa rubutuna kake karantawa.

Wanda nasa suka riga mu kuma, kada kewar ta tsaya a hawaye. A Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Ƙawar mahaifiyarka tana nan da rai a unguwa? Juma'ar nan ka je ka gaishe ta, ko da sabulu da goro ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.